Ƙyasbin Dutse da Rumbunan Irinsa



Da aka ba mu dama mu yi magana a wannan zaure, wasu abokai sun zaci za mu ɗauko zancen kuɗin makaranta ne, ko na rashin aiki bayan an gama karatu, tun da ya ke su ne ke ci wa kowa tuwo a ƙwarya. Waɗannan al'amura suna da masu magana a kansu, sun kuwa fi mu baki. Abin da muka zo da shi ƙarami ne ƙwarai, har ma yawancinmu mun sha zama a kansa ba mu san yana da rai ba. Muna nufin dabbare-dabbaren nan da a ke gani a jikin duwatsu da ɓawon itatuwa, wani toka-toka, wani baƙi, wani ruwan ɗorawa, wanda in ka sa farce ka kankara sai ya ƙi fita, ko kuwa ya fito tare da ɓawon.

Turawa suna kiransa laikin, kalmar da suka aro daga Girkanci. Girkawan dā da wannan kalma ɗaya su ke kiran abin da ke fitowa a jikin itace da kuma wata cutar fata, har yau ma likitoci suna da cututtukan fata masu wannan suna. Saboda haka ba mu ga laifi ba in mun kira shi ƙyasbin dutse, ko ƙyasbin itace, gwargwadon inda ya fito. Wasu za su ce ai gansakuka ce. A'a. Gansakuka tana cikinsa, kamar yadda za mu gani, amma ba ita kaɗai ba ce.

Mu da muka fito daga kudancin Jihar Jigawa, watau ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, ba sai an kai mu nesa ba kafin mu gan shi. Yalwan Damai, wadda ta ke mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, tana cikin yankin nan da duwatsu su ke leƙowa daga tsakiyar gonaki, wasu a shimfiɗe kamar tabarma, wasu a ɗore da juna kamar an jera su da hannu. Masana ilmin ƙasa sun sa duwatsun Birnin Kudu, da na Fagam a ƙasar Gwaram, da na Dutse, da na Shira a Jihar Bauchi, cikin jerin duwatsun giranit da ya faro daga Azbin a Jamhuriyar Nijar, ya biyo ta Damagaram, ya gangara kudu har ya wuce Jos. Na Dutse an ƙiyasta shekarunsu sun kai kimanin miliyan 213. Ku tuna yadda irin wannan dutse ya ke da tsakar rana a watan Afrilu, sa'ad da ba mai iya taka shi ba takalmi. Ku tuna kuma wata bakwai ne ko fiye ba ɗigon ruwan sama. Duk da haka akwai mai rai a kansa. In fari ya yi, sai ƙyasbin ya bushe ƙayau, ya tsai da duk wani aiki na jikinsa. In raɓa ta sauka ko an yi yayyafi, cikin 'yan mintoci sai ya farfaɗo ya ci gaba daga inda ya tsaya. A shekarar 1905 da wani ya faɗi haka a kasuwa da an yi masa dariya, amma a 2005 masanan Turai sun aika da iri biyu na ƙyasbin dutse sararin samaniya cikin kumbon Rasha, aka bar su a buɗe kimanin mako biyu, ba iska, ba inuwa, suka dawo da ransu.

To, mene ne shi? A 1867 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Simon Schwendener ya ce wannan abu ba halitta ɗaya ba ce, biyu ce a haɗe. Ɗaya dangin fumfuna ce, watau 'yar'uwar naman kaza da abin da ke fitowa a jikin tsohon burodi. Ɗayar kuwa gansakuka ce, ko kuma wasu ƙwayoyin bakteriya masu launin shuɗi da kore, waɗanda su ke iya haɗa abinci daga hasken rana. Fumfuna ita ke gina gida, ta riƙe ruwa, ta yi inuwa. Gansakuka ita ke girki. Manyan masanan lokacin sun ƙi yarda, musamman William Nylander ɗan ƙasar Finlan, wanda ya rasu a 1899 yana kan bakansa. Shi Schwendener ya kamanta zaman da na ubangiji da bayinsa, na bayansa kuma suka ce a'a, zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Mu dai a ganinmu wanda ya gina gidan, ya rufe ƙofa, ya ke kuma cin abin da aka dafa, shi ne mai gida, ko me aka kira zaman. A 2016 Toby Spribille da abokan aikinsa suka ƙara gano cewa a cikin ɓawon wasu ire-iren akwai na uku, wani irin yis. Yanzu an san kimanin iri 20,000 a duniya.

Ga inda jawabinmu ya dosa. Fumfuna ita kaɗai ce cikin mazauna gidan ke yin wurin ajiye iri wanda ido ya ke iya gani, sunan da masana su ke bai wa kowane ƙyasbi ma sunan fumfunarsa ne. Erik Acharius na ƙasar Suwidin, almajirin Linnaeus, shi ya fara tsara waɗannan halittu daki-daki, a littattafansa na 1803 da 1810, siffar wurin ajiye irin nan ce kuwa ya fi dogara da ita. Sunan da ya ba shi, afotesiya, daga kalmar Girkanci ya ke mai ma'anar ma'aji. Don haka mu za mu ce rumbun iri. A cikin kowane rumbu akwai 'yan jakunkuna a tsaitsaye, ƙanana ƙwarai, sai da madubin ƙara girma na ɗakin bincike a ke ganinsu, a cikin kowace jaka kuma galibi ƙwayar iri 8. Fiye da kashi 98 cikin 100 na ƙyasbin duniya masu irin wannan jaka ne.

Rumbun da aka fi gani shi ne mai siffar akushi, buɗaɗɗe, bakinsa sama. Faɗinsa yakan kama daga rabin milimita zuwa 'yan milimita kaɗan. Jakunkunan suna jere a cikin akushin fuskarsu a waje. In ruwa ya taɓa su sai su kumbura, su matsu, su fashe ta kai, su harba ƙwayoyin iri sama, iska ta kwashe. Amma fa ba duk akushi ne ɗaya ba, a nan ne ma mai koyo ya kamata ya buɗe ido. Ku dubi bakin akushin. In launinsa ɗaya ne da na jikin ƙyasbin, a ce jiki toka-toka, baki toka-toka, ciki kuwa ruwan ƙasa, to jikin ne ya taso ya kewaye rumbun, in an yanka za a tarar da gansakuka a cikin bakin. Wannan shi ne fasalin dangin Lecanora. In kuwa bakin baƙi ne ƙirin kamar gawayi, launinsa ɗaya da cikin akushin, to rumbun ne ya yi wa kansa katanga, ba gansakuka a ciki, shi ne fasalin dangin Lecidea. Wani akushin in ya tsufa sai ya kife ya zama kamar faifan da aka ɗora a bakin ƙwarya, wani ya tashi ya yi tozo har bakin ya ɓace. Wani kuma fari-fari ya kan rufe shi kamar an barbaɗa gari. Duk waɗannan alamu ne da a ke rubutawa, domin da su a ke rarrabe wannan da wancan.

Na biyu shi ne mai siffar tulu, wanda masana su ke kira feritesiya. Shi a rufe ya ke, yawanci a nutse cikin jiki ko cikin ɓawon itace, sai ɗan ƙaramin baki a sama inda iri ya ke fita. Abin da ido ya ke gani ɗigo ne baƙi kawai, bai kai kan allura ba wani lokaci. Dangin Pyrenula na jikin itatuwa da dangin Verrucaria na jikin duwatsu haka nasu ya ke.

Na uku shi muka fi so, ba ma ɓoyewa. Rumbu ne dogo siriri, mai tsaga a tsakiya, yana lanƙwasa, yana rassa, baƙi a kan farin ɓawo. Wanda duk ya yi karatun allo, in ya gan shi a jikin itace mai santsin ɓawo sai ya rantse wani almajiri ne ya gwada alƙalaminsa a wurin. Ga mai kama da dal, ga mai kama da lam, ga wanda ya ja dogon wutsiya kamar ra. Ba mu kaɗai muka ga haka ba, domin sunan da aka ba dangin, watau Graphis, daga kalmar rubutu ya fito, shahararrensu ma sunansa Graphis scripta. Wannan dangi ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da laima, saboda haka a wajenmu sai a neme shi a bakin rafi da cikin kurmi, inda inuwa ta ke daɗewa. Gansakukar da ke cikinsa ruwan lemo ce, shi ya sa in an kankare jikin da wuƙa a kan ga wani ja-ja a wurin.

Akwai kuma masu tsayawa a kan ɗan kara kamar ƙwayar ashana, waɗanda jakunkunansu su ke narkewa tun da wuri, irin ya taru a kai kamar garin kwalli, ya jira iska ko ƙwaro. Akwai 'yan ƙalilan, ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, da su ke fid da naman kaza sosai, mai hula da ƙafa.

Bari mu koma kan dutse. Kowa ya san in an fasa giranit cikinsa fari ne ko ja-ja, amma bayansa baƙi. Da yawa muna ɗauka rana ce ta ƙona shi. A 1997 Burkhard Büdel da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan irin waɗannan duwatsu a ƙasar Kwaddibuwa, inda suka nuna cewa baƙin nan rai ne, watau shimfiɗar bakteriya masu shuɗi da kore tare da ƙyasbin da ke zaune da su. Babba a cikinsu shi ne dangin Peltula, wanda ya ke son duwatsun ƙasashe masu zafi da fari. Jikinsa 'yan ɓawo-ɓawo ne kamar na kifi, launin zaitun ko ruwan ƙasa, kowane a manne da dutse ta cibiya. Rumbunsa a nutse ya ke cikin ɓawon, ya kan faro kamar hudar allura, daga baya ya buɗe ya zama ɗan akushi ja-ja. Abin mamakin shi ne jakarsa ba ta tsaya a ƙwaya 8 ba, a wasu ire-iren ta kan ɗauki fiye da 100. Duk wanda zai hau duwatsun Birnin Kudu ko na Fagam da tabarau mai ƙara girma, wannan dangi ya kamata ya fara nema, musamman a hanyoyin da ruwa ya ke bi in ya gangaro.

Me ya sa a ke buƙatar iri mai yawa haka? Domin ƙwayar da aka harba daga rumbu ta fumfuna ce zalla. Ta fita kamar ɗan ci-rani ba guzuri. In ta faɗi a wuri mai laima ta tsiro, dole ta tarar da gansakukar da ta dace da ita kusa, in ba haka ba ta mutu. A kan dutsen da ke ƙuna wata bakwai, ku ƙiyasta nawa ne za su dace. Shi ya sa ire-ire da yawa suka ɗauki wata hanya. Wasu suna fid da gari a jikinsu, kowace ƙwayar gari ƙunshi ce ta 'yan ƙwayoyin gansakuka da zaren fumfuna ya nannaɗe, a na kiransa soridiya. Wasu kuma suna fid da 'yan yatsu ƙanana masu saurin karyewa, isidiya ke nan. Ko wanne ya faɗi, gida ne cikakke ya yi ƙaura da mai girkinsa. An lura kuwa cewa masu wannan dabara ba su cika damuwa da yin rumbu ba, har wasu da wuya a same su da shi.

Acharius da magadansa sun yi kusan shekara 200 suna jera dangi bisa siffar rumbu, sai ga binciken ƙwayoyin gado ya zo ya nuna cewa kama da wane ba ta wane. Masu kan ashana, da aka tara su wuri ɗaya a dā, ashe ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, siffar ta ɓullo ne sau da yawa a gidaje dabam-dabam. Wasunsu ma 'yan'uwa ne na kusa ga Dirinaria da Pyxine, masu akushi sosai, waɗanda su ke cikin ƙyasbin da ya fi yawa a ɓawon itatuwan ƙasashe masu zafi. Haka kuma masu rubutun allo an tarar dangi ɗaya su ke da wasu masu rumbu zagayayye kamar rijiya. A 2014 Robert Lücking da abokan aikinsa suka bincika wani ƙyasbi na Amurka ta Kudu da ta Tsakiya da kowa ya ɗauka iri ɗaya ne, suka tarar aƙalla 126 ne. Kada wannan ya sa wani ya ce to, a jefar da tabarau. Na'urar gado ba ta hawa dutse. Sai wani ya gani, ya bambanta, ya ɗebo, sa'an nan ta sami abin aunawa.

Akwai wani tarko kuma, shi ne na baƙi. Wasu fumfuna ba sa gina gida, a jikin ƙyasbin wani su ke zama, wasu su ci kaɗan ba su cutar ba, wasu su sa masa ƙari, wasu su kashe shi. Lissafin da Paul Diederich da James Lawrey da Damien Ertz suka buga a 2018 ya kawo fiye da iri 2,300. Galibi ba a ganin komai nasu sai rumbu. Watau kana duban ƙyasbi mai faɗin ganye, ka ga baƙaƙen ɗigo a kansa, ka ce ga rumbunsa, alhali kuwa na baƙo ne. Masanan farko sun sha faɗawa wannan rami. Dangin Abrothallus, misali, suna zama a kan masu faɗin ganye, rumbunsu mai tozo ne ba baki, sau da yawa da ɗan kore a kai. In ka ga rumbu iri biyu a jiki ɗaya, ko ka ga wurin da ke kewaye da ɗigon ya koɗe ko ya kumbura, to ka yi zaton akwai baƙo a gidan.

Wani ma'aikaci a cikinku zai ce, duk mun ji, amma ina ruwan gwamnati ko talaka da wannan? Takardar litmos da kowannenmu ya tsoma a ruwa a sakandare, daga ƙyasbin dangin Roccella a ke samun launinta. A Indiya wani iri kayan yaji ne da a ke sayarwa a kasuwa, a Faransa wani yana shiga turare. Tun 1866 Nylander ya lura ƙyasbi ya gudu daga tsakiyar birnin Faris saboda hayaƙi, sai a Lambun Luksambur ya saura. Ba shi da saiwa, daga iska ya ke shan kome, saboda haka in iskar gari ta ɓaci shi ke fara nunawa. Ga mu da janareto a kowane lungu da hayaƙin babura, ga ma'auni kyauta a jikin kowane mangwaro da darbejiya, ba mai karantawa.

Sa'an nan ga zanen duwatsun Birnin Kudu, na Dutsen Mesa da Dutsen Habude da sauransu, inda mutanen dā suka zana shanu marasa tozo. Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ya sanar da duniyar masana labarinsu da na duwatsun kiɗa a shekarun 1950, ko da ya ke mutanen garin sun san abinsu tun kafin a haife shi. Yanzu suna hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ƙyasbi yana cin dutse a hankali: zarensa ya kan shiga tsakanin ƙwayoyin dutsen, ya kumbura da damina, ya tsuke da rani, wasu kuma suna fid da ruwa mai tsami. Zanen ya daɗe ne domin yana ƙarƙashin rumfar dutse inda ruwa ba ya zuwa. In tsaga ta buɗe ruwa ya fara tsiyaya ta kan zanen, rai zai biyo shi. Wanda kuma ya ɗauko buroshi da sabulu don ya taimaka, tare da fentin zai kankare. Aikin na wanda ya san irin abin da ya fito ne, da saurin girmansa, da zurfin shigarsa.

Saurin girman nan shi ne abin da ya fi damunmu. Masu manne wa dutse da yawa ba sa wuce milimita 1 ko 2 a shekara, har Roland Beschel ya nuna a 1950 cewa a na iya ƙiyasta shekarun da fuskar dutse ta yi a buɗe ta hanyar auna faɗinsu. Tabo mai faɗin tafin hannu yana iya girmar kakanninmu. Nakiya ɗaya ta masu fasa dutse kuwa ta ishe shi. Ba mu ce a daina fasa dutse ba, da tsakuwar a ke yin titi da asibiti, da ita kuma magidanta da yawa su ke ci da iyali. Muna cewa ne kafin a ba da izinin fasa wani dutse, ya kamata a ga an aiko wanda zai duba ya ɗebi samfur ya ajiye. Afirka ta Gabas ta sami littafinta tun 1988, wanda Dougal Swinscow da Hildur Krog suka rubuta a kan manyan ƙyasbin Habasha da Kenya da Yuganda da Tanzaniya. Mu kuwa misalan da muka haddace don jarrabawa na itatuwan Turai ne da ba mu taɓa gani ba. Ga jami'o'i a Zariya da Kano, ga ta Tarayya a Dutse tun 2011, ga ta Kafin Hausa. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincikensa na shekarar ƙarshe a kai, ya je gida hutu ya dubi dutsen bayan gari.

Kayan aikin ba su da tsada. Tabarau mai ƙara girma sau 10, da wuƙa don na jikin itace, da guduma da kurfi don na dutse, domin shi ba ya ɓamɓaruwa sai da ɗan gutsuren dutsen. A zaɓi wanda ke da rumbu, don wanda ba shi da shi wuyar ganewa gare shi. A sa a ambulan na takarda, kada a sa a leda, zai ruɓe. A rubuta sunan gari, da kwanan wata, da irin itacen ko dutsen, da ɓangaren da ya ke fuskanta, gabas ko arewa, rana ko inuwa. A ɗakin bincike a ɗiga masa ruwan fotash mai kaifi, da ruwan bilic, a rubuta launin da ya juya: masu ruwan ɗorawa da yawa su kan koma jan garura da na farko, wasu masu faɗin ganye kuma cikinsu ya kan yi ja da na biyu. Wannan gwaji ma Nylander ne ya fito da shi a 1866, har yau kuwa da shi a ke aiki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, da sassafe, kafin raɓa ta tashi, sa'ad da launuka su ke fitowa sosai. A fara gai da mai unguwa a gaya masa abin da ya kawo mutum, a nemi izinin mai gona. Kusa da zane kuwa, ko kusa da dutsen kiɗa, kada a kuskura a ɗaga guduma, hoto kawai za a ɗauka, shi ma da sanin masu tsaron wurin.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata, in akwai masu tambaya muna saurare.